Maƙoƙo da Juna Biyu: Duba Wuyanki, Duba Gishirinki

A ɗakin awo, bayan mun gwada jini mun auna ciki, nakan ce wa mace ta sassauta mayafi, ta ɗaga haɓa, ta haɗiyi yawu. Sai wata ta yi dariya ta ce, "Sista, ciki na kawo, me ya haɗa shi da wuya?" To 'yar'uwa, alaƙar babba ce, domin ƙwaƙwalwar jaririn da ke cikinki ta dogara da wani ɗan nama da ke wuyanki.

Mene ne tayirod?

A gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro kaɗan, akwai wani ɗan nama mai siffar malam-buɗe-littafi, likitoci na kiransa tayirod. Aikinsa shi ne sarrafa wani sinadari mai suna tayiroksin ya zuba cikin jini. Wannan sinadari shi ke daidaita bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci da ƙarfin jiki. Wata halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ita ke ba shi umarni: idan sinadarin ya yi kaɗan ta ce ya ƙara, idan ya yi yawa ta ce ya rage.

Amma tayirod ba ya iya wannan aiki sai da sinadarin aidin, wanda jiki ba ya yin sa, sai dai daga abinci. Idan aidin ya yi ƙaranci, sai naman ya riƙa ƙoƙari yana girma har ya kumbura. Kumburin nan shi ne maƙoƙo.

Me ya sa ya fi shafar mai ciki?

A watanni ukun farko jariri bai fara yin nasa sinadarin ba, da na uwa yake amfani wajen gina ƙwaƙwalwa, kuma yana ci gaba da buƙatarsa har bayan haka. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na buƙatar maikirogiram 150 na aidin a kullum, amma mai ciki da mai shayarwa 250. Ƙarancinsa na iya jawo ɓari, haihuwar bakwaini ko mutuwar jariri a ciki. Wani yaron kuma a haife shi lafiya a ido, sai ya shiga makaranta a ga karatu na ba shi wuya. Ɓarnar da ta sami ƙwaƙwalwa tun a ciki ba ta gyaruwa daga baya, shi ya sa rigakafi ya fi magani.

Alamomin da za ki lura da su

Idan tayirod ya yi rauni, za ki ji kasala, yawan jin sanyi, bushewar fata, zubar gashi, taurin bayan gida da ƙiba ba gaira ba dalili. Idan kuma aikinsa ya wuce kima, akwai faɗuwar gaba, rawar hannu, yawan zufa, rashin barci, rama duk da ana cin abinci, wani lokaci idanu su fito. Wasu alamomin sun yi kama da laulayi, don haka gwajin jini ne ke rarrabewa. Haka nan ba kowane maƙoƙo ba ne na rashin aidin. Wani daga garkuwar jiki yake, wani kuma ƙari ne. Kada a kai wa wanzami ya tsaga ko ya yi ƙaho, a zo asibiti.

Gishirin gidanku

Tun shekarar 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci. Maigida, idan ka je cefane, ka sayi na leda wanda aka rubuta yana da aidin, ba wanda aka baza a faranti rana na dukansa ba. Gishirin dabbobi da kanwa ba sa maye gurbinsa. Uwargida, ki zuba shi a mazubi mai murfi, nesa da murhu da laima, ki sa a miya dab da saukewa. Ba cewa muka yi a ƙara yawan gishiri ba, musamman ga mai hawan jini. Kaɗan ɗin da ake sawa ya zama mai aidin ne. Kifin teku, ƙwai da madara ma suna taimakawa. Rogo kuma a jiƙa shi ya tsimu, a dafa sosai, domin wanda bai sarrafu ba yana hana tayirod amfani da aidin.

Ga mai shan magani

Idan dama kina shan maganin tayirod, kada ki daina don kin sami ciki. Ki zo da shi da zarar kin ga ɓatan wata, domin sau da yawa likita kan ƙara yawansa ko ya canza wani. Mai shan tayiroksin ta sha da safe kafin karin kumallo, ta bar tazarar awa 4 kafin ta sha maganin ƙarin jini, don shan su tare na rage masa ƙarfi.

Bayan haihuwa

A shekarar farko bayan haihuwa tayirod na wasu matan kan rikice, a ɗauka gajiyar jego ce. Idan abin ya daɗe, ki dawo. Jaririn da shawara ta ƙi sakinsa, ko yake yawan barci, ba ya kama nono sosai, ba ya bayan gida a kan kari, a kawo shi da wuri. Idan aka fara magani a makonnin farko, yaro zai tashi daidai da sa'o'insa.

Ranar awo mai zuwa, ko ba a tambaye ki ba, ki ce a duba miki wuya. Yau kuma da kin koma gida, ki ɗauko ledar gishiri ki duba.

Allah Ya raba lafiya.