YADDA ZA A KARE RENON LAMBU DAGA SANYIN DARE

Duk wanda ya tashi a ƙasar Haɗeja ya san cewa idan ruwan kogi ya ja baya, fadama takan cika da masu noman rani. Daga Auyo har zuwa Guri za ka ga komayen albasa, tumatir, tattasai da attaruhu. Amma a watannin Disamba da Janairu manomi yakan yafa iri, ya yi ta jira har mako uku bai ga tsiro ba. Sau da yawa sai ya ɗora laifin a kan irin, alhali kuwa sanyin dare ne ya hana shi fitowa.

Ga dalilin. Da rana ƙasa takan sha zafi ta ajiye. Da dare kuma, in babu girgije a sama kamar yadda yake a lokacin hunturu, sai zafin nan ya tsere, har ma'auni ya sauko wajen digiri 12 da asuba. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, saboda haka takan gangaro ta kwanta a kwari, wato daidai inda lambunanmu suke. Alkama da albasa ba su damu da wannan ba. Irin tattasai kuwa yana son ƙasa mai ɗumin digiri 25 zuwa 30, in ta yi ƙasa da 15 da ƙyar yake tsirowa.

A Ingila, inda sanyi ya fi namu nesa ba kusa ba, masu lambu sukan yi akwati marar gindi mai murfin gilashi su kifa a kan reno, da dare kuma su lulluɓe shi da tsofaffin buhuna. Mu ma za mu iya yin irinsa da abin da ke hannunmu.

Da farko a kewaye komin da tubali jeri biyu ko uku, bangon arewa ya ɗara na kudu tsayi, domin a wannan lokaci rana takan karkata kudu. A kafa zana ta arewa maso gabas, inda iskar hunturu take fitowa. Sai a gitta sanduna a shimfiɗa farar leda, kada ta taɓa ganye. Amma leda ita kaɗai ba ta riƙe ɗumi sosai. Da magariba a ɗora mata buhu, ko tsohuwar tabarma, ko busasshen karan shinkafa. Har kacallar nan da ta toshe hanyoyin ruwa bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, in an yanka an busar, tana yin murfi mai kyau. Lallai murfin ya zama busasshe, gama iskar da ke maƙale cikinsa ita ce take tsare ɗumin, kamar dai bargo.

Wata dabara ita ce a yi ban ruwa da hantsi, don jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya ajiye zafi. A kuma jera baƙaƙen jarkoki cike da ruwa a jikin bangon arewa. Za su sha rana su wuni, su kwana suna sakin ɗumi kaɗan-kaɗan.

Sai dai a yi hankali. Da rana ta ɗaga a kwashe murfin, a ɗaga gefen ledar iska ta shiga, in ba haka ba zafin tsakar rana zai dafa tsiron cikin yini guda. Saura mako guda a yi dashe, a riƙa barinsa a buɗe don ya saba.

'Yan'uwa ɗalibai, mu gwada wannan a lambun makaranta: komi ɗaya a rufe, ɗaya a buɗe, mu rubuta ranar da kowanne ya tsiro. Abin da muka gani mu kai wa iyayenmu a gida, gama kuɗin iri ba abin wasa ba ne.