Lissafin Ruwa Da Kwamfuta: Wa Ke Duba Aikin Na'ura?

Duk wanda ya san hanyar Kafanchan zuwa Kwoi, wadda ta ratsa ta Fadan Kagoma, ya san halin ƙoramun wannan yanki a watan Agusta. Rafin da yaro ke tsallakewa da rani, da zarar an tafka ruwa na sa'a guda sai ya cika ya batse, ya shiga gonakin citta. Ruwan saman da ke sauka a nan ya ninka na Katsina sau biyu. Saboda haka kafin a gina gada ko kwalbati ko madatsa, tilas ne injiniya ya san yawan ruwan da zai bi ta wurin a ranar da damina ta fi tsanani.

A da, da fensir da takarda ake wannan lissafi. Yanzu kuwa aikin ya koma hannun kwamfuta. Akan zuba mata labarin ruwan sama na shekaru, da taswirar tudu da kwari, da irin ƙasar wurin, ko jigawa ce mai shanye ruwa ko kuwa dutse ne, sa'an nan ta siffanta kogin a cikinta, ta faɗi inda ruwa zai kai. Amsar takan fito da zane mai launi, gwanin sha'awa. To, a nan fa haɗarin yake, domin kuwa zanen da aka yi bisa lissafin banza bai fi na ƙwarai muni a ido ba.

Babban aikin ruwa da ya dogara da lissafi irin wannan a kudancin Jihar Kaduna shi ne madatsar Gurara da ke shiyyar Kachia da Kagarko. Gwamnatin Tarayya ta ba kamfanin Salini kwangilar ginin a 2001. Madatsar tana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 880, kuma akwai bututu mai tsawon kilomita 75 da faɗin mita 3 da ke kai ruwan zuwa madatsar Usuma, inda mutanen Abuja ke sha. Har wa yau an tanadi injunan lantarki masu ƙarfin megawat 30, da ruwan noman rani a wajen Jere. Ruwa ɗaya, masu buƙata uku. Idan lissafi ya zarce abin da kogin ke kawowa a shekarar fari, wani daga cikinsu zai tashi a tutar babu. Idan kuma ya gaza a kan ambaliya, mafitar rarar ruwa za ta yi kaɗan. Mutanen Kano ba su manta da ɓallewar Bagauda a Agustan 1988 ba, haka nan mutanen Maiduguri da ta Alau a Satumban 2024.

Ƙwararru suna da ƙa'idar jarraba irin wannan lissafi, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. Alal misali, in akwai awon kogi na shekara ashirin, sai a raba shi biyu. Da shekaru goma na farko ake daidaita na'urar, ana gyara ƙididdigarta har abin da take faɗa ya dace da abin da aka auna. Sauran goman kuwa ɓoye mata su ake yi. Sai a ba ta ruwan saman waɗannan shekaru kaɗai, a ce ta faɗi yadda kogin ya yi, sa'an nan a buɗe littafi a gwada. In ta ci, madalla. In ta faɗi, an san cewa haddar amsa ta yi a karon farko. Bayan haka akan sauya adadi ɗaya kaɗan, a ga ko amsar za ta yi tsalle, kana a miƙa aikin ga wani injiniya dabam wanda ba shi da hannu a ciki, ya bi shi daki-daki.

Amma fa duk wannan ya rataya ne a wuyan mutum guda wanda ba a cika tunawa da shi ba, watau ma'aikacin da ke zuwa bakin kogi safe da yamma yana karanta sandar awo yana rubutawa a littafi. Ranar babbar ambaliya, wadda awonta ya fi kowanne daraja, ita ce ranar da ruwa kan shanye sandar ko ya tafi da ita. Bugu da ƙari, sandar tsawon ruwa kawai take nunawa, sai an juya shi zuwa yawan ruwa da wani jadawali, shi kuwa jadawalin yakan tashi aiki in masu tipa sun kwashe yashin kogin ko laka ta cike shi. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna tana horar da ma'aikatan wannan fanni tun 1979, amma ƙananan ƙoramu irin na Kagoma galibinsu ba su da sandar awo ko ɗaya. Injiniya sai ya ari lissafin wani kogi, ko ya dogara da taswirar da kumbon Amurka ya ɗauko a 2000, wadda ke kallon ƙasa a fili-fili na mita 30. Kwalbati mai faɗin mita biyu ba ya fitowa a cikinta.

Kada mai karatu ya zaci ƙasashe masu kuɗi sun tsira. Ranar 23 ga Agusta, 1991, ginshiƙin kankare na dandamalin haƙar gas mai suna Sleipner ya nutse a teku kusa da Stavanger ta ƙasar Norway, ana cikin gwada shi. Bincike ya nuna cewa lissafin kwamfuta ya rage ƙarfin da zai danne wani sashe na bangon da kusan kashi 47 cikin ɗari, aka yi bangon bai kai ba. Ba a rasa rai ba, amma asarar ta kai wajen dala miliyan 700. A Legas kuma, da za a gina katangar da ke kare Eko Atlantic daga igiyar teku, ba a tsaya ga na'ura kaɗai ba. Sai da aka gina ƙaramar katangar a wani ɗakin gwaji a ƙasar Denmark, aka riƙa sakar mata igiyar ruwa ana dubawa.

Ƙaramar Hukumar Jema'a ba ta da halin aika kwalbatinta Denmark, ba ta kuma buƙata. Abin da ke hannunta shi ne, kafin ta karɓi zanen gada daga ɗan kwangila, ta tambaye shi awon wane kogi ya yi aiki da shi, na shekara nawa, wa kuma ya duba lissafin. Sa'an nan a tafi bakin rafin tare da dattawan ƙauye, su nuna a jikin dutse ko gindin bishiya inda ruwa ya taɓa kaiwa a zamaninsu, a auna wurin, a gwada da abin da kwamfuta ta faɗa.