Ɓoyayyun Umarnin Na'urorin Sadarwa: Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido

Ƙarfe biyun dare, injiniya na tsaye gaban na'urorin da ke raba wa ma'aikatarsu intanet. Ya cusa sabon kan wayar haske a ramin na'urar Cisco Catalyst, fitilar ramin ta ƙi yin kore. Na'urar ta gane kayan ba na gidansu ba ne, ta rufe ramin. Sai ya tuna wani umarni da abokin aiki ya taɓa raɗa masa: "service unsupported-transceiver". A yawancin irin waɗannan na'urori, ko ka danna alamar tambaya don ganin jerin umarni ba za ka gan shi ba. Amma in ka rubuta shi cikakke, na'urar za ta karɓa, tare da gargaɗin cewa idan baƙon kayan ya jawo matsala, kamfanin na iya janye tallafinsa.

Irin waɗannan umarni injiniyoyin kamfani ne ke dasa su domin gwaji da gano cuta tun na'urar tana hannunsu. Ba su shiga littafin jagora ba, don haka babu alkawarin cewa yadda suka yi aiki yau haka za su yi bayan an sabunta manhaja. Wasu kallo kawai suke yi, su nuna maka abin da ke gudana a cikin na'urar. Wasu kuwa wuƙa ce mai kaifi biyu. A manhajar IOS ta Cisco akwai "test crash", wanda aikinsa shi ne ya kayar da na'urar da gangan domin a duba bayanan da za ta bari. A ɗakin gwaji wannan ilimi ne. A na'urar da banki ko asibiti suka dogara da ita, bala'i ne.

Akwai kuma batun tsaro. A watan Maris na 2025, masu bincike na kamfanin Tarlogic na ƙasar Sifaniya suka bayyana a taron RootedCON a Madrid cewa sun gano ɓoyayyun umarni 29 a ɓangaren Bluetooth na ESP32, 'yar ƙanƙanuwar ƙwaƙwalwar da kamfanin Espressif na ƙasar Sin ke ƙerawa, wadda ke cikin kayan lantarki masu ɗimbin yawa. Wasu daga cikinsu na iya karantawa da rubutawa a ma'adanar na'urar. Espressif ya amsa cewa na gwajin cikin gida ne, kuma ba a iya tayar da su daga nesa ta iska. Duk da haka, darasin a fili yake: ƙofar da mai gida bai san da ita ba, ba zai sa mata kwaɗo ba.

To, a yi amfani da su ko a bari? A ganina haramta su kwata-kwata ba adalci ba ne. Wanda ya sayi na'ura da kuɗinsa yana da haƙƙin sanin abin da ke damunta, kuma sau da yawa ɓoyayyen umarni ne ke warware matsalar da ta gagari na fili. Amma a san lokaci da wuri. A fara gwadawa a na'urar da ba ta ɗauke da aikin jama'a. A adana kwafin saituna tukuna. A tabbata umarnin na kallo ne ko na sauyawa. In kan na'urar da ke bakin aiki ne, a bari sai injiniyan tallafi na kamfanin ya ba da izini a rubuce, sannan a rubuta abin da aka yi domin wanda zai gaji kujerar.

Su ma kamfanonin da sauran aiki a gabansu. Umarnin da injiniyoyi ke raɗa wa juna shekara da shekaru ya daina zama sirri. Gara a sa shi a littafi, a faɗi haɗarinsa ƙarara. Kafin ranar ta zo, injiniyan da ke tsaye ƙarfe biyun dare ya tuna cewa da gari ya waye, mutane ne za su zo neman albashinsu da sakamakon gwajin jininsu ta cikin wannan na'urar.