Ƙwaron da ƙanƙara ba ta kashewa: abin da ya kamata ku sani

Wane ƙwaro ne?

Kun san kaska. To, tana da 'yan'uwa ƙanana masu ƙafa takwas da ba sa shan jini, cikin ƙasa suke zama. Ɗaya daga cikinsu shi masana ke kira Alaskozetes antarcticus. Tsawonsa kusan milimita 1 ne, wato bai ma kai ƙwayar gero ba. Yana rayuwa a Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya, ƙarƙashin duwatsu da kusa da matattarar tsuntsayen teku. Abincinsa gansakuka ne da ruɓaɓɓun abubuwa.

Yaya ba ya daskarewa?

Abin da ke kashe halitta a irin wannan sanyi shi ne ruwan jikinta ya zama ƙanƙara ya farfasa ta daga ciki. Da sanyi ya ƙarato sai ƙwaron ya daina ci, domin guntun abinci a hanji shi ke fara jawo daskarewa. Sannan jikinsa ya tara gilisarin, sinadarin nan da ake sa wa a man shafawa lokacin hunturu. Da haka yake jure sanyin da ya kai kusan digiri 30 ƙasa da sifili. Sai dai girmansa na tafiyar hawainiya ne: daga ƙwai zuwa balaga yakan ɗauki shekara biyar ko fiye.

Akwai shi a nan wajenmu?

Shi kansa babu. Amma danginsa suna nan, a lambunan bakin kogin Kubanni da gonakin Samaru, duk inda ganye ke ruɓewa. Mu nan hunturu ba ya daskarar da ruwan randa. Bushewa ce abokiyar gabarsu. In ƙasa ta bushe sai su nutsa ƙasa-ƙasa neman laima, su dawo sama da damina.

Amfani ko illa?

Ba sa cizon mutum, kuma ba su ke kawo ƙazwa ba, wannan wani ɗan'uwansu ne daban. Suna gutsuttsura busasshen ganye da kashin dabbobi har su zama taki. Shi ya sa ƙona karan gona asara ce a ganina, abincinsu ake ƙonewa.

Masu kiwo kam su lura. Wasu daga cikin ƙwarin nan kan haɗiye ƙwan tsila daga kashin tumaki. Tunkiya ko akuya ta haɗa su da ciyawa, tsilar ta girma a hanjinta, musamman a ƙananan dabbobi. Ba feshin makiyaya ne maganin ba. In kun ga fararen gutsattsari cikin kashin ɗan rago, ku nemi likitan dabbobi ya ba shi maganin tsutsar ciki.