Bashin Sefa, Biyan Naira: Yadda Ake Sulhun Bashi a Jibiya

Kasuwancin bakin iyaka a kan lamuni yake tafiya. Ɗan kasuwa a Jibiya zai karɓi kaya daga hannun uban gidansa a Maraɗi ba tare da ya ajiye ko sisi ba, ya bi da su ta Ɗan Issa zuwa iyakar Magama, ya sayar a Katsina ko Kano, sannan ya mayar da kuɗi. Muddin hanya a buɗe take, babu mai jin kansu.

Amma hanyar ta sha rufewa. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, kuma ta Jibiya ba ta samu shiga sahun da aka fara buɗewa a Disambar 2020 ba, sai a Afrilun 2022. Ba a gama murmurewa ba sojoji suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya sake toshe hanyar har zuwa Maris ɗin 2024. A daidai wannan tsakanin naira ta karye: dalar da take wajen naira 460 a hukumance kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ita kuwa sefa a ɗaure take da yuro, ba ta motsa ba. Wanda ya ci bashi da sefa alhali cinikinsa da naira ne, ya wayi gari nauyin ya ninninka bai ƙara karɓar ko buhu ɗaya ba.

Irin wannan bashi ne ake kai wa teburin sulhu. A ce Alhaji na Maraɗi yana bin yaronsa sefa miliyan biyu, an shekara biyu ana ta "sai wani sati". Yaron ya sayar da fili, ko ya kwashi adashi, ko 'yan'uwa suka yi masa karo-karo, ya haɗa miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Sai ya nemi wani dattijo da Alhajin ke jin nauyinsa, su je tare. "Ranka ya daɗe, ga abin da Allah ya hore. Ka karɓa yau a dunƙule, ka yafe ragowar, mu rufe littafi."

Me zai sa mai kuɗi ya yarda ya bar dubu ɗari takwas? Tausayi na ciki, amma lissafi ya fi yawa. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Kuɗin da ya shigo yau zai juya sau da yawa kafin shekara ta zagayo, wanda ke hannun mai karyayyen jari kuwa kullum ƙara nisa yake. Ƙara ma ba arha ba ce, balle a ce mai ƙara na Nijar wanda ake ƙara na Nijeriya: hukuncin kotun Maraɗi ba ya tsallako Magama da ƙafarsa. Wannan shi ne ƙarfin wanda ake bi, kuma shi kaɗai ne ƙarfinsa. Shi ya sa bai kamata ya yi tayin abin da ba ya hannunsa ba. In aka yi rangwame aka sa rana, ranar ta zo babu kuɗi, ya ƙona damar, ya kuma kunyata dattijon da ya tsaya masa.

Akwai wata gaɓa ta fiƙihu da mutane ke tsallakewa, alhali a nan malamanmu suka fi tsayawa. Idan lokacin biya ya riga ya yi, sulhu a kan ƙasa da adadin halas ne. Buhari da Muslim sun kawo labarin Ka'abu ɗan Maliku da ya bi Ibnu Abi Hadrad bashi a masallaci, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi masa nuni ya sauke rabi, ya kuma umarci wanda ake bi ya tashi ya biya. Amma idan ajalin bashin bai yi ba, aka ce a rage don a gaggauta biya, mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa ta hana, kuma Risalar Ibnu Abi Zaid ta ambaci haka. Dalilinsu shi ne an saka wa lokaci farashi, wato riba ce ta juyo da baya. Majalisar fiƙihu ta duniya da ta zauna a Jidda a 1992 ta halatta shi da sharaɗin kada ya zama an ƙulla hakan tun farko, kuma kada wani na uku ya shiga tsakani. Bashin da rufe iyaka ya haifar, yawanci ajalinsa ya daɗe da wucewa, don haka wannan saɓani bai cika taɓa shi ba.

Inda na fi ganin sakaci shi ne rubutu. An yafe da baki, an yi musafaha, kowa ya watse. Bayan shekaru Alhaji ya rasu, magada suka buɗe littafi suka tarar da miliyan biyu a rubuce, babu inda aka soke. Dokar Ingila da kotunan Nijeriya suka gada ma ba ta goyon bayan yafiyar baki: tun shari'ar Foakes da Beer ta 1884, ƙa'idar ita ce biyan wani sashe na bashi shi kaɗai ba ya kashe ragowar. Saboda haka takardar sulhu ta faɗi asalin bashin, da abin da aka biya, da cewa babu sauran haƙƙi, shaidu su sa hannu. In an kai ta gaban alƙali ya mayar da ita hukunci, ya fi. A Jibiya kuma dole a fayyace da wane kuɗi aka biya. In naira za a bayar a madadin sefa, a yi canjin a kan farashin 'yan canji na ranar, a miƙa kuɗin a majalisin nan take. A kuma karɓo duk abin da aka jinginar, takardar fili ce ko ta mota, kafin a tashi.

Bashin banki hanyarsa daban. Ma'aikacin da ke buga waya ba shi da ikon yafe komai, sai an rubuta wa banki an nemi sauke kuɗin ruwa da tara, an kuma samu amsa a kan takardarsa mai tambari kafin a biya. Ɓuya ta daina amfani tun Agustan 2020, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki da tsarin da ke ba banki damar cire bashinsa daga asusun mutum a wasu bankunan ta lambar BVN. Bayan biya, a karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, a kuma bibiya har banki ya gyara sunanka a kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, waɗanda dokar 2017 ta tsara aikinsu. In ba haka ba, ranar da ka je neman sabon jari a wani banki, kwamfuta za ta nuna har yanzu ana bin ka.