Rabon Hanya da Fifiko a Sadarwar Kwamfutocin Birni

Hanyar sadarwar birni ita ce wadda ke haɗa kwamfutocin ofisoshi da jami'o'i da asibitoci da ke warwatse a gari guda, galibi ta wayar faiba mai ɗaukar bayanai da haske, kuma babbar matsalarta tun asali ita ce yadda tashoshi da yawa za su yi tarayya a waya ɗaya ba tare da wata ta danne wata ba. Saƙonni ba su jure jira daidai da juna, domin wasiƙar imel tana iya makara ba a lura ba, amma muryar mai magana takan lalace idan jinkirin isarta ya wuce milisakan 150, iyakar da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawara.

Amsar da ta fi ban sha'awa ga matsalar tarayya a waya ɗaya ta fito ne daga Jami'ar Yammacin Ostireliya a shekarun 1980, ta kuma zama ƙa'idar IEEE 802.6 a 1990 da sunan DQDB. A wannan tsari ana shimfiɗa wayoyi biyu masu tafiyar da bayanai ta fuskoki mabambanta, inda mafarin kowace waya ke sako guraben bayit 53 a jere, kuma tashar da ke son aikawa ta waya ɗaya sai ta sanar da buƙatarta ta ɗayar. Kowace tasha tana ƙirga buƙatun da suka riga nata, ta bar guraben da babu komai a ciki su wuce gwargwadon wannan adadi kafin ta cika nata, ta yadda ake samun layi irin na masu ɗiban ruwa a famfo, alhali babu wani mai tsaron layin.

Sai dai nisa ya kawo cikas, domin a waya mai tsawon kilomitoci da dama buƙatar tasha takan daɗe kafin ta isa, kuma idan cunkoso ya yi yawa rabon kowa yakan dogara da mazauninsa da kuma wanda ya fara aikawa. Gyaran da masu bincike na Bell Labs suka kawo shi ne kowace tasha ta riƙa ƙyale gurbi ɗaya da gangan bayan ta yi amfani da wasu, wato a yi asarar ɗan ƙarfin waya domin rabo ya daidaita, wanda hukunci ne mai kyau ga hanyar da jama'a ke tarayya a kanta.

DQDB bai yi tsawon rai ba, fasahar Ethernet ta maye gurbinsa, inda tun 1998 ake yi wa saƙo lamba ta bit uku mai ba da matakan fifiko takwas. Da yake fifiko tsantsa yana iya hana matakan ƙasa hanya gaba ɗaya, kamfanonin sadarwa sukan ƙayyade abin da kowane abokin ciniki zai shigar a mataki na sama, su kuma keɓe wa sauran kaso tabbatacce.