Ƙura a Kura: Abin da Injin Girbinmu Ya Koya Mini

Ranar da injin girbinmu ya tsaya, saura kaɗan mu gama gonar wani bawan Allah a wajen Bunkure. Watan Nuwamba ne, hunturu ya fara busawa, shinkafa ta bushe har tana zuba da kanta. Tun da hantsi direba yake ce mini injin ba ya ja kamar kullum, hayaƙinsa kuma baƙi wuluk. Na ce ya lallaɓa mu ƙarasa. Bayan azahar sai ƙarar ta canza, injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Mai gona bai ce mini uffan ba, tafiya ya yi ya nemo masu lauje. Mu kuwa sai da muka kusa sati uku muna jiran kayan gyara, a daidai lokacin da kowa yake neman inji ido rufe.

Ni da yayana muka haɗa kuɗi muka sayi injin. Na hannu ne, irin ƙananan nan masu tafiya a kan ƙafar roba kamar tankar yaƙi, waɗanda suke yanka, su sussuke, su sheƙe, su ba ka tsabar shanshera. Yayana yana kasuwa a Kano, ni nake bin injin gona-gona, don haka alhakin abin da ya faru a wuyana yake.

Wani dattijon makanike muka ɗauko, wanda ya yi furfura a ƙarƙashin tarakta. Bai fara da kwance injin ba. Bututun da iska take bi ya cire, ya zura yatsa, ya fito da shi ja da ƙasa.

"Ɗana, ba yau injin nan ya mutu ba," in ji shi. "Kun daɗe kuna ba shi ƙasa yana ci."

Na ce, "Baba, ai kullum sai mun kakkaɓe filta."

"Da me kuke kakkaɓewa?"

"A jikin ƙafar injin muke buga ta."

Ya karɓi wayata, ya kunna fitila, ya sa ta cikin filtar iskar, muka shiga inuwa. Sai ga haske yana tsartuwa ta wasu 'yan ramuka kamar tsinin allura a lanƙwasar takardar. Bugun da muke yi da niyyar gyara, shi ya yage ta.

Sai an san yadda injin gas yake aiki za a gane girman wannan ɓarnar. Ba shi da fulogi irin na babur ko janaretan fetur. Iska zalla yake shaƙa, fistan ya matse ta har ta koma kashi ɗaya cikin sha shida zuwa ashirin na girmanta, zafinta ya haura digiri 500, sannan nozul ya fesa man gas kamar hazo, ya kama da kansa. Dabarar ke nan da Bajamushe Rudolf Diesel ya tabbatar da ita a 1897, har aka sa wa man gas sunansa a Turance. Kafin inji ya ƙona lita ɗaya ta gas, sai ya shaƙi iska fiye da lita 10,000. To, a dubi irin iskar da injin girbi yake shaƙa: ga ƙurar hunturu, ga ƙaiƙayin da shi kansa yake tayarwa. Ƙaiƙayin shinkafa kuwa kaushi gare shi, duk wanda ya taɓa yin shiƙa ya san yadda yake cin fata. In wannan ya shige ciki ya haɗu da baƙin mai, sai ya zama tamkar dutsen wasa wuƙa. Yana cin ringi, yana cin bangon silinda, a hankali, ba ƙara, har matsi ya ragu, injin ya fara shan mai yana wuyar tashi da safe.

Filtar iskar biyu ce, babba a waje, ƙarama a ciki. Yanzu da iskar kwamfireso muke hure filtar waje, daga ciki zuwa waje, ba da ƙarfi sosai ba. Ta takarda ba ta shiga ruwa. Ƙaramar da take can ciki ba a hure ta sam, in lokacinta ya yi canja ta ake yi. Kuma duk ranar da aka cire babbar sai na haska ta da fitila kafin ta koma.

Injin da yake aiki a yankinmu ba ya samun hutun da na wani wuri yake samu. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa yake gangarowa da kansa ta manyan magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Kashin farko na aikin an tsara shi ne ya shayar da kimanin hekta 22,000. Saboda wannan ruwa, da an gama shinkafar damina sai alkama ta biyo wajen Maris, bayanta kuma shinkafar rani. Mai cewa zai yi juyen mai "bayan Sallah" ko "in kaka ta wuce" bai fahimci injinsa ba. Mota da kilomita ake lissafta ta, injin gona da awa. Akwai ɗan agogo a gaban direba da yake ƙirga awannin da injin ya yi yana aiki. Namu a mace muka saye shi, ban kuma damu ba, sai da dattijon nan ya ce shi za a fara gyarawa. Sabon inji ko wanda aka sa wa sababbin ringi, juyen farko a awa 50 ake yi. Bayan nan sai abin da littafin injin ya faɗa, wanda yawanci yakan faɗo tsakanin awa 100 zuwa 250. A cikin ƙura irin tamu na fi son in riga lokacin. Mai yin awa goma a rana, cikin kwana ashirin ya cinye awa 200. Kuma ba a juye mai a bar tsohuwar filtarsa.

Sai maganar man gas, wadda ta fi ci mini rai, domin a nan talauci yake tura mutane. Gas ya yi tsada, gona ta yi nisa da gidan mai, ga mai jarka a bakin titi yana ba da sauƙi. Araha ba ta ado. Ramukan bakin nozul ba su kai rabin milimita ba, famfon da yake tura man kuma da shi kansa gas ɗin yake samun santsi. In an gauraya da kananzir, santsin ya ragu. In da ruwa a ciki, tsatsa ta samu wurin zama. Abin da muke yi ba ya buƙatar ko sisi: a bar gas ya kwana biyu a durom ya kwanta, a ɗiba daga sama, a tace wajen zubawa. Da yamma muke cika tanki, saboda tankin da ya kwana rabi yana yin gumi da sanyin asuba, gumin nan kuwa ruwa ne. Akwai ɗan kofin gilashi a hanyar man, in ka duba da safe za ka ga ruwan ya kwanta a ƙasa, ka murɗe ka zubar. Ba a barin mai ya ƙare ƙarƙaf, don iska za ta shiga, sai an sha wahalar fitar da ita.

Hayaƙi ma magana yake yi. Baƙi na nufin iska ta yi kaɗan, ko kaya sun yi nauyi, ko nozul yana zubar da mai maimakon fesawa. Shuɗi, baƙin mai ne yake ƙonewa. Fari da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya ɗau zafi, a tsaya a duba ko ruwa yana shiga inda bai kamata ba.

Yayana ya taɓa kallon masu yanke ciyawa a filin golf na Kano, ya dawo yana mamakin hidimar da ake yi wa ciyawar da ba mai ci. Motocin da ake yi don wannan aiki a ƙasashen waje, irin na Toro da John Deere, da yawansu ƙananan injinan gas na Kubota da Yanmar ne a cikinsu, kamfanonin Japan da su ma suke ƙera injinan girbin shinkafa. Ƙa'idar masu kula da su ba ta wuce tamu ba: wanki bayan aiki, giris a kowace gaɓa, wuƙa mai kaifi. Dakusasshiyar wuƙa a can ciyawa take yagewa ta yi ja. A nan kuwa zangarniya take girgizawa, tsaba ta zube ƙasa, inji ya ƙara shan mai. Wuƙaƙen namu 'yan ƙanana ne masu kusurwa uku, jere a kan doguwar sanda, suna kai da komo tsakanin yatsun ƙarfe. Ɗaya ta karye, za ka ga layin shinkafa a tsaye a bayan injin.

Kowace safiya, kafin a murɗa makulli, muna ɗaukar kamar minti ashirin. A tsayar da inji a wuri mai daidai, a zaro gejin baƙin mai a goge a mayar a sake dubawa, a leƙa ruwan lagireto tun yana da sanyi, a share ragar da take gabansa, a danna bel-bel da yatsa a ji ko sun saki, a bi sarƙoƙi da boris da giris. Ƙaiƙayin da ya taru kusa da salansa sai an kawar da shi, domin busasshe ne, wuta yake jira. Abu ɗaya ne ba na sassauci a kansa ko ga wa: in kara ya cushe a bakin inji, sai an kashe shi an zare makulli kafin hannu ya shiga. Na san saurayin da yatsunsa biyu suka tafi a haka.

In kaka ta ƙare, ba ma ajiye shi da datti. Ana wanke lakar ƙafafun, a buɗe duk ƙofofin ciki a kwashe ragowar tsaba, don ita take gayyato ɓeraye, su kuma in sun gama da ita wayoyin wuta suke komawa. A cire kan batir, a sassauta bel, a shafe wuƙa da mai, a sa shi ƙarƙashin rumfa. Ina da ɗan littafin makaranta mai shafi arba'in a cikin leda a ƙarƙashin kujerar direba, inda nake rubuta kwanan wata da awa da abin da aka canja. Layin ƙarshe na bana yana cewa saura awa 35 a yi juye, filtar mai biyu kuma tuni na sayo su daga Ƙofar Ruwa, suna cikin akwati suna jiran alkama ta nuna.